Garin Maganin Ƙwayoyin Cuta: Hattara Ga Masu Aiki Da Shi

Duk wanda ya saba shiga shagunan sayar da maganin dabbobi a birnin Kano ya san wani gari mai launin ruwan ɗorawa da ake zuba wa kaji a ruwan sha. Wani yana zuwa a ƙaramar leda mai nauyin giram 100, wani a roba, wani a buhu. Sau da yawa mai kaji goma ba ya iya sayen leda guda. Sai yaron shago ya farke ta, ya ɗiba da cokali, ya ƙulla masa na kuɗinsa. Kafin azahar yatsun yaron sun rine, gaban rigarsa ya sauya launi, in ya face hanci ma launin zai gani. Da wannan hannu zai ɓare gyaɗa, da shi zai ba da canji, da shi kuma zai ɗauki ƙaninsa in ya koma gida.

Mutane da yawa suna ganin ai magani ne, magani kuwa ba ya cutarwa. Wannan kuskure ne babba. Magani yana amfani ne ga mara lafiya, a kan awon da aka ƙayyade, cikin kwanakin da aka ƙayyade. Amma mutum mai lafiya da yake shaƙarsa kullum, yana taɓa shi kullum, ba tare da awo ba, ba warkewa yake nema ba. Ciwo yake tara wa kansa da iyalinsa sannu a hankali.

MENE NE WANNAN GARI?

Likitoci suna kiran irin waɗannan magunguna antibayotik. Aikinsu shi ne kashe ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, ko hana su hayayyafa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne fenisilin, wanda wani masani mai suna Alexander Fleming ya gano a asibitin St Mary's da ke Landan a 1928. Daga nan aka samu sitireftomaisin a 1943, wanda shi ne maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka. Aka samu kuloramfenikol a 1947. Shi kuwa garin nan mai launin ɗorawa, wato oksitetarasaikilin, ya fito ne a 1950.

Waɗannan magunguna sun ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Mutanen Kano shaida ne. A annobar sanƙarau ta 1996, allurar kuloramfenikol tana cikin abin da aka yi wa dubban marasa lafiya, da yawa kuma suka tashi. Don haka ba a ce maganin ba shi da kyau ba. Wuta ma tana dafa tuwo, tana kuma cinye ɗaki.

Da yawa daga cikinsu gari ake kawo su, domin in an jiƙa su ba sa daɗewa suke lalacewa. Tun da da Turanci ake rubuta sunayen, yana da kyau mai aiki ya gane su da ido. A jikin maganin kaji da dabbobi za a ga sunaye irin su Oxytetracycline, Tylosin, Neomycin, Streptomycin da Colistin. A jikin na mutane kuwa akwai Amoxicillin, Ampicillin, Penicillin da Ceftriaxone. Sau da yawa leda ɗaya ta kaji takan ƙunshi uku ko huɗu a haɗe, har da sinadarin bitamin. Wannan ya sa wasu suke kiranta maganin ƙarin kuzari, alhali kuwa antibayotik ne a ciki.

SU WA KE AIKI DA SHI A CIKIN BIRNI?

Ba sai an je kamfani ba. A ƙananan hukumomi uku da suka raba tsohon birnin Kano, wato Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale, akwai mutane iri huɗu da wannan gari yake ratsa hannunsu.

Na farko su ne masu shagon maganin dabbobi da yaransu, waɗanda suke buɗe babban mazubi su rarraba a ƙananan ƙulli. Na biyu su ne masu kiwon kaji a soro, ko a lungun tsakar gida, ko a saman bene, da masu turke raguna kafin Babbar Sallah. A cikin waɗannan akwai matan aure da yawa, waɗanda wurin sana'arsu shi ne wurin girkinsu, shi ne kuma wurin wasan 'ya'yansu. Na uku su ne masu haɗa abincin kaji, waɗanda suke zuba magani a dusa su juya da shebur ko da hannu. Na huɗu su ne ma'aikatan kemis da na asibiti, masu haɗa allura daga gari, da masu zuba ruwa a kwalbar maganin yara, da leburorin da ke share wurin bayan an tashi.

Yanayin tsohon birni yana ƙara tsananta abin. Shaguna ƙanana ne, wasu babu taga sai ƙofa ɗaya. Gidaje a cushe suke, akurki yana jikin madafi, rijiya tana kusa da makwarara. Lokacin zafi ana kunna fanka, ita kuwa tana watsa garin ko'ina. Lokacin hunturu fata tana bushewa tana tsagewa, hanci ma haka, sai garin ya samu ƙofa a buɗe.

HANYOYI UKU DA YAKE SHIGA JIKI

Hanya ta farko ita ce hanci. Duk lokacin da aka farke leda, ko aka juye gari daga mazubi zuwa mazubi, ko aka share shi da tsintsiya, wani ɓangare yana tashi sama. Wanda ido yake gani yana sauka da wuri. Mafi laushi, wanda ido ba ya gani, shi ne yake daɗewa a iska, shi ne kuma yake kaiwa can cikin huhu.

Hanya ta biyu ita ce fata da ido. Gumi yana narkar da garin a kan hannu, musamman tsakanin yatsu da ƙarƙashin agogo ko zobe. In akwai yanka ko faso, shigarsa ta fi sauƙi.

Hanya ta uku ita ce baki. Babu mai ɗibar garin ya ci da gangan. Amma ana cin goro, ana cin rake, ana shan ruwan leda da aka fasa da haƙori, duk da hannun da ba a wanke ba. Wasu ma sukan ɗanɗana ruwan kajin don su ji ko maganin ya ji.

Kada a ce ɗan kaɗan ne. A ƙasar Jamus masana sun binciki ƙurar da aka riƙa tarawa daga wani gidan kiwon aladu tun daga 1981 har zuwa 2000. Sun samu antibayotik a cikin kashi 90 bisa 100 na ƙurar da suka gwada. Ma'ana, mai aiki a wurin yana shaƙar magani ko a ranar da bai buɗe leda ba.

ILLA TA FARKO: JIKI YA ƘI MAGANIN

Jikin ɗan Adam yana da dakarun da ke kare shi daga baƙon abu. In wani abu ya yawaita taɓa fata ko huhu, dakarun nan sukan ɗauke shi abokin gaba. Daga ranar, ko ƙwaya ɗaya ta taɓa mutum sai jikinsa ya yi bori. Wannan ba ya faruwa a ranar farko. Yakan ɗauki makonni, ko watanni, ko shekaru. Shi ya sa za a ji mutum yana cewa ai ya daɗe yana wannan aiki bai ga komai ba.

Alamun farko sukan fito a hannu: ƙaiƙayi, ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa, fata tana saɓulewa. An fara lura da haka tun a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da ma'aikatan jinya masu haɗa allurar sitireftomaisin a asibitocin tarin fuka suka riƙa samun ciwon fata a hannu da fatar ido. Daga baya aka ga irinsa ga masu aiki da fenisilin, da niyomaisin, da tailosin.

Bayan fata sai numfashi. Atishawa, yoyon hanci, idanu suna ruwa, tari da dare, ƙirji yana kuka. Wannan ita ce asma ta wurin aiki. A 1979 likitoci a Italiya sun ba da rahoton wani mai kiwon 'yan tsaki da ya kamu da asma da ciwon fata saboda wani antibayotik mai suna sifiramaisin da ke cikin abincin kajinsa. Hanya mai sauƙi ta gane irin wannan ciwo ita ce a lura da lokaci. In mutum yana samun sauƙi ranar da bai je shago ba, ko lokacin hutun Sallah, sannan ciwon ya dawo da ya koma aiki, to a zargi abin da yake taɓawa.

Babban haɗarin yana gaba. Wanda jikinsa ya ƙi fenisilin saboda taɓa garinsa a shago, wata rana zai iya kwanciya rashin lafiya a yi masa allurar fenisilin ko ɗan uwansa. Cikin 'yan mintuna leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya sauka, mutum ya faɗi. In ba a yi masa allurar adirenalin da gaggawa ba, yana iya rasa ransa. Ko bai kai ga haka ba, ya rasa wani magani mai araha da zai buƙata a rayuwarsa. Saboda tsoron irin wannan ne kamfanonin magani suke ware wa fenisilin gininsa daban, don kada ƙurarsa ta faɗa cikin wani magani. To, ina ga shagon da cokali ɗaya ne yake shiga kowace roba?

ILLA TA BIYU: WASU SUNA DA NASU SHARRIN DABAN

Kuloramfenikol shi ne kan gaba. Ga wasu mutane ƙalilan yana kashe ɓargo, inda jiki yake ƙera jini. Mutum ya yi fari fat, ya riƙa haɓo, dasashi ya riƙa jini, kowace cuta ta riƙa kayar da shi. Ba a iya sanin wanda zai samu tun kafin ya same shi, kuma ba sai an sha da yawa ba. Saboda haka ƙasashen Tarayyar Turai suka hana ba dabbobin da ake ci wannan magani tun 1994, Amurka ma ta hana. Duk ledar kaji da aka ga an rubuta Chloramphenicol a jikinta, a bar ta a inda aka gan ta.

Dangin tetarasaikilin, wato garin ɗorawa da kafso mai ja da rawaya, suna manne wa ƙashi da haƙorin da ke tsirowa. In suka shiga cikin mai juna biyu ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8, haƙoran yaron suna iya rinewa har abada. Suna kuma sa fatar wasu mutane ta kasa jure rana. Ban da haka, tun a shekarun 1960 likitoci suka gano cewa tetarasaikilin da ya lalace saboda daɗewa, ko zafi, ko laima yana iya taɓa ƙoda.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: a ɓare kafso a barbaɗa garin a kan gyambo ko ƙuna, ko a zuba a ruwan kaji. Barbaɗa fenisilin ko ampisilin a kan ciwo yana daga cikin hanyoyin da suka fi saurin sa jiki ya ƙi maganin. Mai ɓarewar ma yana samun rabonsa.

ILLA TA UKU: CUTA TA DAINA JIN MAGANI

Wannan ita ce illar da ba a gani, ita ce kuma ta fi shafar kowa. A cikin hanjin kowane mutum, da hancinsa, da fatarsa, akwai bakteriya masu ɗimbin yawa. In ɗan magani kaɗan yana shiga jiki kullum, raunanan cikinsu suna mutuwa, masu taurin kai su rage. Su ne za su hayayyafa su cika wurin. Kamar gonar da ake fesa wa maganin ciyawa rabin awo ce. Bayan 'yan shekaru sai ciyawar da ba ta jin feshi ta mamaye ta. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a 1945, a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Nobel.

An gwada wannan a fili. Wani likita mai suna Stuart Levy na Jami'ar Tufts a Amurka ya sa aka riƙa ba kajin wata gona abinci mai oksitetarasaikilin, ya kuma bar wasu babu. Cikin mako guda, kusan duk bakteriyar hanjin kajin da suka ci maganin sun zama marasa jinsa. Bayan wata biyar zuwa shida, sai aka ga abin ya bayyana a jikin mutanen gidan, alhali babu wanda ya sha maganin a cikinsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na bayan gidansu da aka gwada cike yake da bakteriya marasa jin magani. Na maƙwabtansu kuwa bai wuce 7 cikin 100 ba. An buga sakamakon a 1976. Irin wannan bincike yana cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma tun daga ranar 1 ga Janairu, 2006.

Abin ba na nesa ba ne. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda cutar da ta ƙi jin antibayotik. Yankin da abin ya fi tsanani, in aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma. Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da wannan matsala a 2017. Kowace shekara kuma, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, ana makon faɗakarwa a kanta a duniya baki ɗaya.

Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce: ranar da ɗansa ya kamu da gudawa mai tsanani ko ciwon haƙarƙari, maganin da aka saba bayarwa yana iya ƙin aiki. Sai a koma mai tsada, sai kwanciya ta yi tsawo. Ribar kajin shekara guda tana iya tafiya a mako ɗaya.

YADDA ZA A YI AIKI DA SHI LAFIYA

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancin matakan nan ba sa cin kuɗi.

1. A fara tambaya ko ana ma buƙatarsa. Antibayotik ba ya kashe ƙwayar bairos. Cutar Niyukasil, da Gumboro, da murar tsuntsaye wadda ta shigo Nijeriya a 2006, duk bairos ke kawo su. Na biyun farko rigakafi ake yi musu, ta ukun kuwa hukuma ake sanar wa. A nemi shawarar likitan dabbobi, kamar a asibitin dabbobi na Gwale, kafin a buɗe leda.

2. A sayi daidai buƙata, a cikin ledar kamfani wadda ba a farke ba, mai lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ƙullin da ba shi da suna, babu awo, babu ranar lalacewa, caca ce. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi leda guda.

3. A karanta takardar jiki. Wanda bai iya Turanci ba ya sa a karanta masa tun a shago. A nemi abu uku: awo, da ranar lalacewa wadda ake rubuta wa EXP, da kwanakin jira.

4. A sa safar hannu ta roba. In babu, a zura hannu a leda mai kyau, a jefar bayan an gama. A sa takunkumi mai tace ƙura, irin N95 da aka sani lokacin cutar korona a 2020. Ƙyalle ko bakin mayafi ba sa tare gari mai laushi.

5. A kashe fanka kafin a buɗe. A yi aikin a wuri mai iska amma ba mai guguwa ba, iskar tana bayan mutum. A yanka leda da almakashi, kada a fizge ta, kada a sa haƙori.

6. A zuba ruwa a bokiti tukuna, sannan a kawo cokalin dab da ruwan a sauke garin a hankali. A juya da sanda, ba da hannu ba. In abinci ake haɗawa, a fara cuɗa maganin da ɗan abinci kaɗan a rufaffen mazubi, sannan a zuba a babban.

7. A ware cokali, da bokiti, da sanda don wannan aiki kaɗai. Kada su koma madafi. Kowane magani da cokalinsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a wajen magani ido bai isa ba, sai awo.

8. In gari ya zube, kada a share da tsintsiya, kada a hura. A rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a kwashe, a wanke wurin da ruwa da sabulu.

9. Kada a ci, kada a sha, kada a tauna goro a wurin aiki. A wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu da zarar an gama, kafin cin abinci, da kuma kafin alwala, domin hannun ne zai kai ruwa baki da hanci da fuska.

10. A ware rigar aiki. A tuɓe ta kafin a shiga ɗaki, kada a kaɗe ta, a jiƙa ta a wanke daban da kayan yara.

11. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai asma, da wanda magani ya taɓa yi wa borin jini, da yara ƙanana, duk kada su auna, kada su haɗa.

12. Ma'aikacin kemis ko asibiti ya sa safar hannu wajen haɗa allura. Kada ya fesar da ragowar magani daga sirinji zuwa cikin iska. Wajen haɗa maganin yara, ya bubbuga kwalbar tana rufe, ya bari garin ya kwanta, sannan ya buɗe nesa da fuskarsa ya zuba tafasasshen ruwa da ya huce zuwa kan layi.

AJIYA DA ZUBARWA

Yawancin waɗannan magunguna an rubuta a ajiye su a wuri busasshe da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, cikin shagon kwano kuwa ya fi haka. Don haka kada a jera su a rana ko dab da rufi. Rashin kyakkyawar ajiya yana cikin dalilan da suka sa a 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a yankin Sabon Gari, suka umarci 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan titin Zariya.

A gida, a ɗaure bakin ledar da aka buɗe, a sa ta a roba mai murfi, a ɗora a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a juye magani a gwangwanin madara ko robar yaji. Garin ɗorawa yana kama da kayan lemo, farin kuma yana kama da madara ko gishiri. In gari ya dunƙule ko ya yi duhu, ya lalace.

A haɗa ruwan magani na yini ɗaya kawai. Ragowar kada a kwarara ta a kwata. Ruwan unguwanni da yawa na cikin birni yana gangarawa rafin Jakara ne, wanda ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi ya nufi madatsar ruwa ta Wasai a Minjibir. A kan hanyarsa manoma suna ban ruwan latas da alayyafo da shi, kayan kuma su dawo kasuwannin birni. Abin da aka zubar a lungu yana iya komowa a kwanon miya. A haƙa rami nesa da rijiya a zuba a binne. Ledar da ta ƙare kada a ƙona ta a murhu, kada a ba yara su yi wasa. Mai shagon da kayansa suka lalace ya miƙa su ga NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, domin ita ke da alhakin lalata irinsu.

Sai kwanakin jira. Su ne kwanakin da za a bari tsakanin ranar ƙarshe ta ba da magani da ranar yanka ko sayar da ƙwai da nono. A jikin leda ana rubuta su da kalmomin Withdrawal Period. Wanda ya yanka rago ko kaza kafin su cika, ya sayar wa jama'a nama da magani a ciki. Wannan cin amana ne, ko da babu wanda ya gani.

IN TSAUTSAYI YA FARU

In gari ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsafta yana gudana har minti 15, kada a murza. In ya zuba a jiki, a tuɓe rigar a wanke da sabulu. In an shaƙa da yawa, a fita wuri mai iska. In yaro ya ci, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti tare da ledar, don likita ya ga sunan maganin.

In kuwa aka ga leɓe ko fuska suna kumbura, ko borin jini ya feso a jiki duka, ko numfashi yana sarƙewa, ko mutum yana jiri zai faɗi, to babu jira. Kada a tsaya neman jiƙo ko ƙwayar kemis. A nufi asibiti mafi kusa nan take. Ga mutanen cikin birni akwai Asibitin Murtala Muhammad a Ƙofar Mata, ga yara kuma akwai Asibitin Hasiya Bayero.

Duk mai wannan sana'a, in ya je ganin likita a kan kowane irin ciwo, ya faɗi aikin da yake yi. Wanda aka tabbatar jikinsa ya ƙi wani magani ya sa a rubuta masa sunan a takarda, ya riƙa yawo da ita a aljihu, ya kuma sanar da iyalinsa. Irin wannan mutum safar hannu ba ta isar masa. Dole ya bar taɓa maganin gaba ɗaya.

NAUYIN DA KE KAN MAIGIDA

Yaron shago ba shi ke da ikon sayen takunkumi ko fasa taga ba. Wannan nauyin maigida ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu masana'anta su kare ma'aikata daga shaƙar ƙura mai cutarwa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta amince cewa ciwon da aiki ya jawo abin biyan diyya ne, kamar yadda rauni yake. Ko ba don doka ba, yaron da iyayensa suka danƙa wa mutum don ya koyi sana'a amana ne. Buta, da sabulu, da kwalin safar hannu, da 'yan takunkumi ba su kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Ƙungiyoyin masu kiwon kaji, da na masu sayar da magani, da masu unguwanni, suna iya gayyatar malaman dabbobi da malaman tsafta su zo su nuna wa jama'a a aikace. Wanda ya karanta wannan bayani kuma ya karanta wa maƙwabcinsa mai kiwo, musamman matan da ke cikin gida. Daga yau, kafin a farke leda, a kashe fanka, a rufe hanci, a sa safar hannu, a kori yara. Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu. Allah ya ba mu lafiya da sana'a mai albarka, amin.